Yadda muka haɗa kundin farko na wani matashin mawaƙi a Kano, da yadda jama'a suka karɓe shi

Aikina haɗa kiɗa da sauti a situdiyo, kuma kundin da zan yi magana a kai na wani yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, mai waƙar soyayya ta zamani. Ya zo da waƙoƙi fiye da ashirin a littafi da kuma a waya. Goma muka fitar. Dalilin yankewar ba tsada kaɗai ba ne. Mawaƙin da ba a san shi ba, ba wanda zai ba shi sa'a guda yana saurare, kuma waƙa ɗaya mai rauni tana rage wa sauran daraja. Kowace waƙa mun sa ya rera ta ba kiɗa, sai tafi. Wadda amshinta bai zauna a bakin mutanen da ke ɗakin ba bayan an ji sau biyu, mun ajiye ta gefe.

Kafin a taɓa kiɗa sai da muka nemo inda muryarsa take zaune. Ana yin wannan da fiyano: a bi shi daga ƙasa zuwa sama har a ji inda ya fara matse maƙogwaro, sannan a sa mafi tsayin gaɓar amshi ta tsaya ƙasa da wurin da kamar mataki biyu. Yara da yawa suna sayen kiɗa a intanet su tilasta wa muryarsu ta bi shi, shi ya sa za ka ji waƙar ta yi daɗi a situdiyo amma a wajen biki mawaƙin ya kasa kai ta. Gudun kiɗan yawancin waƙoƙin ya tsaya tsakanin bugu 95 zuwa 110 a minti. Idan ya haura haka, dogayen wasulan Hausa suna guntulewa, baitin ya zama kamar ana tauna shi.

Abin da ya fi cin lokacinmu shi ne karin harshe. Hausa tana da hawa da saukar murya a cikin kalma, kuma idan karin waƙa ya saɓa wa na magana, kunnen Bahaushe yana jin wani abu ya karkace ko da bai iya faɗin mene ne ba. A wani baiti yana cewa ya sha wuya, amma karin ya ɗaga gaɓar farko ya sauke ta biyu, sai ta fito kamar wuyan da ake rataya wa sarƙa yake nufi. Hanyar gyara ita ce ya faɗi layin da maganar baki sau uku, a ɗauka, sannan a ɗora karin waƙar a kan hawa da saukar da aka ji. Wani lokaci canza kalma ya fi sauƙi a kan canza kari. Wannan aiki ba ya fitowa a hoto ko a talla, amma a ganina shi ne ya raba kundin da tarin waƙoƙin da ake saki kullum.

A nan ne kuma Auto-Tune, manhajar da ke gyara kaucewar murya, ke shigowa. Ba na ƙinsa, sautinsa ya riga ya zama ɗanɗanon waƙar Hausa ta zamani. Sai dai idan aka sa saurin gyaransa a sifili, yana fizgar kowace gaɓa zuwa sauti mafi kusa, ya goge lanƙwasar da mawaƙi ke yi a ƙarshen layi. A baitoci mun bar saurin gyaran tsakanin 25 da 40, a amshi muka matse shi kaɗan. Inda gaɓa ɗaya ce ta kauce, da wata manhaja mai suna Melodyne muka gyara ta da hannu. Kuma dole a faɗa wa manhajar ainihin ma'aunin da waƙar take kai, in ba haka ba za ta riƙa jan murya zuwa sautin da ba ya cikin waƙar.

Wajen ɗaukar murya, tazarar taƙi ɗaya tsakanin baki da makirfo, da ragar tare iskar baki a tsakani. Ƙarfin shigar sauti kada ƙololuwarsa ta wuce -10 dB, a ɗauka a 24 bit. Haruffan ƙ da ts suna fita da ƙarfi, don haka muka ɗan karkatar da makirfon gefe maimakon mu dogara da na'urar rage kaifin sauti, wadda idan ta yi yawa takan mayar da "tsaya" kamar "saya". Janareto mun kai shi nesa, muka ɗauki murya a kan batir da inbata, domin gurnanin wuta na 50 Hz idan ya shiga murya, cire shi yana tafiya da kaurinta. Lokacin hunturu ne, ƙura ta busar masa da maƙoshi, sai muka riƙa farawa da hantsi da ruwan ɗumi, ba a wuce sa'a biyu ana rerawa.

'Yan amshi mata biyu muka sa, kowace ta rera sau biyu, aka raba su hagu da dama. Sunayensu suna cikin bayanan kundin. Ya kamata wannan ya zama al'ada, don sau da yawa muryar da mutane ke bi a waƙa ta mai amshi ce, amma ba wanda ya san ta.

A waƙa uku mun kawo makaɗin kalangu na gaske maimakon wanda ke cikin kwamfuta. Kalangu yana magana ne da matse tsarkiya, sautinsa na hawa yana sauka, don haka yana iya karo da muryar mawaƙi. Mun roƙi makaɗin ya riƙa amsawa a gibin da ke tsakanin layuka, kada ya hau kan baiti. Makirfo mai jure duka irin SM57 ya wadatar.

Haɗa sautin mun yi shi ne da sanin inda za a ji kundin: lasifikar waya, ƙaramar lasifikar Bluetooth a shago, da rediyon Adaidaita Sahu. Lasifikar waya ba ta fitar da sautin can ƙasa, don haka gangar da ke girgiza situdiyo ɓacewa take yi gaba ɗaya. Maganinta a ɗan ƙona sautin gangar, wato a sa masa ɗan kaushi da na'ura, don ya samu jiki a sama da 200 Hz. Muryar jagora mun yanke mata abin da ke ƙasa da 90 Hz, muka ɗaga ta kaɗan wajen 3 kHz, muka ajiye ta gaba da kiɗa fiye da yadda ake yi a waƙoƙin Legas. Mai sauraron Hausa baiti yake bi. Kowace waƙa sai da muka ji ta a lasifika guda ɗaya kafin mu rufe ta. Spotify yana daidaita ƙarar waƙoƙi a -14 LUFS (ma'aunin ƙarar sauti), amma waƙar da aka tura a memori ba mai daidaita ta, don haka muka tsaya wajen -10, da ƙololuwa a -2 dB kamar yadda Spotify ɗin ke ba da shawara ga waƙar da ta fi ma'auninsa ƙara.

Takarda kuwa kafin fita ake yinta, lokacin da kowa ke fara'a. Mun rubuta kason marubuci, makaɗi da mawaƙi a kan kowace waƙa, kowa ya sa hannu. Waƙa ɗaya da ya fara yi a kan kiɗan haya mun sake gina ta daga tushe, domin irin wannan kiɗan ana sayar wa mutane da yawa, kuma wanda ya riga yi masa rajista a YouTube shi zai kwashe kuɗin tallan. Mun kuma sa shi ya je ya ji ƙa'idojin Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano kafin a ɗauki bidiyo.

Kamfanin da ke rarraba waƙoƙi a dandalan saurare yana buƙatar fayil ɗin sauti na WAV, hoton bango mai faɗin pixel 3000 da tsayin pixel 3000, kuma shi ke ba kowace waƙa lambar shaida ta ISRC. Mun tura mako huɗu kafin ranar fita, don Spotify yana son a gabatar masa da waƙa aƙalla kwana bakwai kafin ta fito. Sunayen waƙoƙi mun rubuta su ba ƙugiya a YouTube, saboda masu nema da k da d zalla suke bugawa. Mun kauce wa azumi, muka saki kundin ranar Juma'a bayan ƙaramar Sallah, lokacin da bukukuwa ke dawowa. Ba a tura wa kowa waƙa ta WhatsApp don ya ba da ra'ayi ba. Mai son ji ya zo situdiyo, don ta nan waƙoƙi ke zurarewa.

Karɓuwar ba ta bi hanyar da aka kashe wa kuɗi ba. Waƙar da aka yi wa bidiyo ta yi tafiya daidai gwargwado. Wadda ta ɗauki kundin ita ce ta bakwai, mai kalangu, wadda amshinta ya dace da shigowar amarya. Mata suka fara ɗora ta a TikTok a kan hotunan kamu da lalle, masu sa kiɗa a wajen biki suka ɗauka, 'yan dawunlodin suka zuba ta a memori. Audiomack da YouTube ne suka kawo yawancin masu saurare, kuma saƙonni sun zo daga Maradi da Damagaram da unguwannin zango na Ghana. Sukar da aka yi ta kasu biyu. Manya sun ce waƙoƙi biyu masu kiɗan Afrobeats ba su da ɗanɗanon gida, kuma baitocinsu sun yi ƙaranci. Wannan na yarda da rabinsa, domin baitocin sun yi gajarta da gaske. Wasu matasa kuma sun ce muryar ta danne kiɗa, wanda da gangan aka yi shi.

Kuɗin dandalin saurare bai mayar da abin da aka kashe ba. Tun 2024 Spotify ba ya biyan waƙar da ba a saurare ta sau 1,000 cikin shekara ba, YouTube kuma yana neman mabiya 1,000 da sa'o'in kallo 4,000 kafin rabon kuɗin talla. Gayyatar biki ce ta biya kuɗin situdiyo, sai masu neman a sake musu waƙa ta bakwai da sunan ango da amarya. Saboda haka muka fitar da kiɗan kowace waƙa zalla da kuma mai amshi kaɗai, muka ba shi a memori biyu don hawa dandamali.