Asabar ɗin da na ɗauko bindigar iskata

Ƙarfe 11 na dare ta wuce, kowa ya kwanta, hannuna na hagu kuma sai tsami yake yi kamar na wuni ina faskare. Amma ba zan kwanta ba sai na rubuta, don yau ce ranar da na yi wata uku ina jira.

Tun da aka idar da sallar asuba barci ya ƙi komawa. Na sake buɗe waya ina duba farashi, alhali na riga na yanke shawara tun Laraba. Uwargida ta juyo ta ce, "Maigida, wai bindigar nan ba ka gama tayinta ba har yanzu? Ko auren fari ba a yi masa wannan bincike." Ban tanka ba, don gaskiyarta ce.

Abin da na sa a gaba Weihrauch HW97K ce, ƙirar Jamus, mai harsashi .177, wato milimita 4.5. Ba ta amfani da albarushi. Sifirin ne a cikinta, kana ɗana shi da wani dogon ƙarfe da ke ƙarƙashin bututun, in ka taɓa kunama ya saki fistin, iska ta tunkuɗa 'yar dalmar waje. A nan Ingila da Wels ba a buƙatar lasisi muddin ƙarfinta bai haura 12 a ma'auninsu na ƙarfin harbi (foot-pound) ba, kusan jul 16 ke nan, kuma mai saye ya kai shekara 18. A Sikotilan kam tun ƙarshen 2016 sai da takarda.

Maganar rahusar intanet ita ta ci mini makonni. Na sami wani shago can arewacin ƙasar da ya rage fam 40 a kan farashin na unguwarmu, har na fara jin kaina ɗan kasuwa. Ashe akwai wata doka ta 2006 da ta ce dillali ba zai aiko maka da bindigar iska ta gidan waya kamar takalmi ba, dole a miƙa maka ita hannu da hannu. Sai dai su tura wa wani dillali mai rajista kusa da kai, ka je can ka karɓa. Kuɗin aike fam 25, shi kuma mai karɓa yana son fam 30 na ɗawainiyarsa. Da na buga lissafi sai na ga rahusar tawa ta koma asarar fam 15. Na leƙa wajen masu sayar da na hannu, na ci karo da wani da ya sa irinta a rabin kuɗi, hotuna tas-tas, amma wai sai na tura kafin alƙalami ta banki kafin ya faɗa mini garin da yake. Na ce a raina, ɗan'uwa, wanda ya taso yana cin kasuwar waya ba a yi masa wannan. Banza ba ta kai zomo kasuwa. eBay kuwa ba sa ma yarda a sa bindiga a can, sai dai tarkacenta.

Saboda haka ƙarfe 10 ina ƙofar shagon unguwarmu a Bamingam, ana yayyafi. Na nuna wa mai shagon farashin can arewa a wayata, ko zai ji kunya ya sauko. Ya gyara tabarau, ya duba, ya yi murmushi, ya lissafo mini kuɗin aike da na karɓa daidai yadda na lissafa a gida. Bature bai san "albarka" da "sallama" ba, farashi ɗaya ne kamar an sassaƙa a dutse. Amma ashe ya san gyara. Bayan na biya fam 500 da ɗoriya, ya duba lasisin tuƙina, ya rubuta sunana da adireshina a babban littafinsa, sai ya ɗauko jakar saka bindiga da gwangwanin harsashi ɗaya ya ɗora a kai, ya ce kyauta. Gwangwanin JSB ne, na ƙasar Cek, guda 500 a ciki. In aka haɗa kuɗin biyun sun fi fam 40 ɗin da na yi ta haƙilo a kai.

Da ya ciro ta daga kwali ya miƙo mini, abin da na fara ji shi ne nauyi. Kilo 4 ne a rubuce, na sani, na karanta sau ba adadi, amma karatu daban, ɗauka daban. Nauyin duk ya taru a gaba. Ƙarfen baƙi wuluk mai sheƙin shuɗi, har kana ganin fuskarka, ƙotar katako kuma an yi mata zanen ƙaiƙayi inda tafin hannu ke kamawa. Tana ƙamshin mai. Sai kawai kakana ya faɗo mini a rai, da adakarsa da yake rataye a bayan ƙyaure, wadda ake ɗura wa albarushi ta baki a danna da tsumma, mu yara muna kiranta harba-ka-ruga. Abin mamaki, garin nan da nake zaune shi ne ya yi ta ƙera irin waɗancan bindigogi ana lodinsu a jirgin ruwa zuwa gaɓar Afirka ta Yamma a zamanin cinikin bayi. Unguwar maƙeran tana nan har yau da sunanta, ina bi ta gefenta in zan shiga gari.

Wannan samfurin ba ya zuwa da saiti ko ɗaya a jikinsa, dole sai ka ɗora madubin hange. A nan ne intanet ta yi mini rana ta kuma kunyata ni a lokaci guda. Madubin na same shi da rangwamen kusan kashi ɗaya cikin uku, don samfurin bara ne kuma kwalinsa ya lotse a gefe. Na juya shi ta ko'ina, babu ko ƙwarzane. Wannan rahusa ce ta gaskiya, kuma dabarar da na koya ita ce ka bar kaya a kwandon sayayya kwana biyu ba ka biya ba, wasu shagunan da kansu za su aiko maka da ƙarin ragi. To amma maɗaurin da ke riƙe madubin, wanda na tsinta a fam 9 ina ta murna, da muka zo ɗaurawa a kulob ɗin masu harbi sai ya ƙi zama. Layin da ke saman bindigata, inda maɗaurin ke kamawa, milimita 11 ne, shi kuwa an yi shi ne don mai faɗi, irin na bindigogin soja. Laifina ne, hoto na kalla ban karanta bayani ba.

Wani dattijo da ke kula da filin, wanda ya ce ya fi shekara 30 yana harba masu sifirin, ya duba maɗaurin ya girgiza kai. Ya ce ko da ya zauna ma ba zai yi mako ba. Ya bayyana mini cewa irin wannan bindiga tana zabura sau biyu, baya sannan gaba, lokacin da fistin ya daki ƙarshen hanyarsa, kuma wannan zaburar ta gaba ita ke sa madubi ya yi ta zamewa, wani lokaci ma ta kashe shi. Shi ya sa aka huda ramuka a saman bindigar, don maɗauri mai ɗan ƙusa ya shiga ya tokare. Ya shiga motarsa ya lalubo wani tsoho ya ara mini.

Kafin komai sai da suka ɗora ta a na'urar auna gudu. Ƙafa 770 a daƙiƙa, wato ƙarfinta wajen 11.1 a ma'auninsu. Hankalina ya kwanta, don in ta haura 12 ta zama bindigar da riƙe ta babu lasisi babban laifi ne, kuma ba ruwan hukuma da cewa ba ka sani ba.

Harbin farko ya ba ni tsoro kaɗan: ƙara mai kaifi da ɗan hayaƙi mai warin man inji. Dattijon ya ce man masana'anta ne ke ƙonewa, zai daina, kuma kada in yanke mata hukunci sai ta cinye gwangwani ɗaya ko biyu. Ya kuma ja mini kunne da kakkausar murya cewa duk lokacin da yatsuna ke cikin ramin saka harsashi, ɗaya hannun ya riƙe ƙarfen ɗanawa gam, ko da an ce akwai abin da ke tare shi. Ban sake mantawa ba.

Kunamarta ce ta sace mini zuciya. Tana da zango biyu: ka ja a hankali ta tafi sakwa-sakwa, sai ta tsaya cak, daga nan ɗan matsi kaɗan ta tashi, ba ja-in-ja. Amma a yadi 25 harbina goma na farko sun watsu a takarda kamar an watsa wa kaji tsaba. Na fara zargin madubi, na zargi iska, na zargi harsashi. Dattijon ya karɓa, ya harba biyar, duka suka shige rami ɗaya da kwabo zai rufe. Ya miƙo mini ya ce, "Kana shaƙe ta ne. Ɗora ta a tafin hannu kawai, bar ta ta yi motsinta." Wato dalmar ba ta barin bututu sai bayan bindigar ta fara motsi, don haka in riƙonka ya sauya, inda za ta faɗa ma ya sauya. Na sassauta. Wajen harbi na 60 sai ga rukunin ya fara tattaruwa, biyar a faɗin da bai fi murfin kwalba ba. Na cire takardar na ninke na sa a aljihu kamar yaron da ya ci jarrabawa.

Na yi azahar da la'asar a gefen mota, a kan jakar bindigar da ba kowa a ciki, ruwa na ɗiga daga itatuwa.

A gida 'yar autata ta tare ni a ƙofa: "Abba, mu gani! Za ka harbo mana tantabara?" Na ce a'a, takarda kawai take ci. A bayan gida ma ba zan harba ba, filin ƙarami ne, kuma dalma ɗaya ta tsallaka shingen maƙwabci ka karya doka. Dokar ta kuma ɗora mini nauyin hana duk wanda bai kai 18 ba isa gare ta, saboda haka na sa wa kunamar kwaɗo, na kulle ta a kabad, makullin yana cikin zoben makullan motata. Uwargida ta ɗaga ta sau ɗaya kafin in rufe, ta ce, "Wannan ai taɓarya ce," ta ajiye.

Maɗaurin fam 9 yana nan a kan tebur, kuɗin mayar da shi ya kusa kuɗinsa, don haka ya zauna. Na riga na yi odar na gaskiya ɗazu, fam 32, mai ɗan ƙusar, sai da na karanta bayanin sau uku kafin in danna. Sun ce Talata zai iso. Dole in mayar wa dattijo nasa ranar Asabar, kuma ina tunanin in haɗa masa da ɗan kilishin da aka kawo mana daga gida.