Kwaɓi biyu sun ƙi yin tauri, ashe laifin soda ne

'Yan uwa masu koyon haɗa sabulu, yau dai sabulu ya fito daga mazubi da taurinsa, wuƙa ta ratsa shi tsaf bai manne mata ba. Na ji daɗi ƙwarai, domin kafin wannan kwaɓi biyu a jere suka lalace, alhali lissafinsu ɗaya ne da na yau, ko giram ɗaya ba a canza ba.

Lissafin kuwa shi ne mai giram 1000: man ja 500, man kwakwa 300, man zaitun 200. Kowane giram na man ja yana cin kastik soda, wato sinadarin da ke juya mai ya zama sabulu, kimanin giram 0.142, na kwakwa 0.183, na zaitun 0.135. Idan an tara, ana samun kusan giram 153. A cire kashi 5 cikin ɗari don a bar ɗan mai da zai tausasa fata, saura 145. Ruwa ninki biyu na sodar, wato 290. A takarda babu kuskure ko ɗaya.

Amma waɗancan kwaɓin biyu, bayan kwana huɗu a mazubi, yatsa na lotsa su kamar ɗanyen yumɓu, samansu kuma na tsatso da mai. Zargi ya fara sauka a kan sikeli, aka gwada shi da abin da aka san nauyinsa, lafiya lau yake. Sai aka koma kan juyi, ko ba a bari kwaɓin ya yi kauri ba kafin a zuba. Shi ma ba shi ba ne.

Matsalar tana cikin ledar soda da aka ɗaure bakinta sako-sako. Kastik soda tana zuƙar danshin iska da sauri, wani ɓangarenta kuma yana haɗuwa da iskar ya koma wani gishiri mai rauni da ba ya juya mai zuwa sabulu yadda ya kamata. Sikeli ba ruwansa da wannan, nauyi kawai ya sani. A ce sodar ta sha ruwa kashi 10 cikin ɗari: kun auna 145, amma ainihin sodar da ke ciki wajen 130 ce. Man da kuka yi niyyar bari kashi 5 ya tashi ya kai kusan 15. Shi ke nan sabulu ya yi laushi, ya riƙa gumin mai, daga baya kuma ya fitar da ɗigo-ɗigo masu launin ruwan lemo da warin tsohon mai.

Abin takaicin, alamun suna nan a fili tun farko. Soda mai kyau busasshiya ce, tana zubowa warwas. Wadda ta sha iska tana dunƙulewa, tana ƙyalli kamar an yayyafa mata ruwa, ko ta yi farin ɓawo. Mai kyau idan ta shiga ruwa nan take take ɗaukar zafi har kwanon ya gagari hannu. Waccan kuwa zafinta bai kai haka ba. Yanzu sodar tana cikin roba mai murfi mai kamawa gam, an raba ta kashi-kashi daidai kwaɓi ɗaya, kuma ba a buɗe ta sai mai da mazubi sun gama shiryuwa.

Kada ku ce za ku narkar da lalataccen ku ƙara masa soda da ka. Ba ku san yawan da ya rage ba, idan ta yi yawa kuma fatar mai saye ce za ta ƙone. Ni dai ba zan sayar da shi ba.

Asarar man kilo biyu da turare ta yi zafi, amma ta lokaci ta fi. Sabulu yana buƙatar mako huɗu zuwa shida a kan kantar ajiya kafin ya bushe, jari yana kwance duk tsawon wannan lokaci. Kwaɓin da ya lalace yau, giɓinsa sai bayan wata guda zai bayyana, ranar da mai saye ya dawo ya tarar babu kaya. Shi ya sa ƙaramin kwaɓin gwaji na mai giram 200 ya zama dole duk lokacin da aka buɗe sabuwar soda, ko aka ɗauko wadda ta jima a ajiye.

Kwaɓin yau ya kai wajen giram 1435, an yanka shi gida 12, kowane kusan 120. Ruwa zai ci gaba da fita yayin bushewa, nauyin ya ragu, don haka ba za a rubuta nauyi a takardar naɗi ba, ba kuma za a yanke farashi ba, sai an sake aunawa. An ware guda ɗaya da za a riƙa ɗorawa a sikeli duk mako har nauyinsa ya tsaya.