Konotop, 1659: nasarar da ba ta kai wata huɗu ba

Laraba, bayan isha'i.

Tun hantsi nake kan taswirar Konotop, garin da ke arewa maso gabashin Yukren ta yanzu, ina bin yaƙin 1659 taki-taki, wanda Kosakawa (mayaƙan Yukren na lokacin) da Tatarawan Kirimiya suka ci rundunar Mosko a cikinsa. Bari in rubuta tun kan ya bi iska.

Tushen rigimar gado ne. Bohdan Khmelnytsky, wanda ya sa Kosakawa ƙarƙashin kariyar sarkin Mosko a Pereyaslav a 1654, ya mutu a 1657. Magatakardansa Ivan Vyhovsky ya zama hetman, wato shugaban rundunar. Kanar ɗin Poltava, Martyn Pushkar, ya ƙi yi masa mubaya'a, aka kashe shi a fagen fama a 1658. A Satumbar shekarar Vyhovsky ya ƙulla yarjejeniya da Polan a Hadiach, Mosko kuwa ta turo runduna ƙarƙashin Yarima Trubetskoy, tare da wasu Kosakawan da suka naɗa nasu shugaban, Ivan Bezpaly.

Kuskuren farko na Trubetskoy ne. Ya tsaya yi wa Konotop ƙawanya tun Afrilu, alhali mutanen Vyhovsky da ke ciki, ƙarƙashin kanar Hulianytsky, kusan 4,000 ne kawai. Harin da ya kai wa ganuwar ya ci tura, ya koma zaman jira na kusan kwana 70. Wannan jiran ne ya bai wa Vyhovsky damar haɗuwa da Khan (wato sarki) na Kirimiya, Mehmed Giray na huɗu, da mahayansa Tatarawa.

Bayan azahar na zauna kan ranar yaƙin kanta, 8 ga Yuli (28 ga Yuni a tsohuwar kalandar Rasha). Dabarar tsohuwa ce a wannan daji. Ƙaramar runduna daga ɓangaren Vyhovsky ta taɓo sansanin Rashawa, ta juya kamar mai gudu. Yarima Semyon Pozharsky ya bi su da barade, ya tsallaka rafi mai fadama kusa da ƙauyen Sosnivka, ba tare da ya tura 'yan leƙen asiri su duba gefuna ba. Khan na nan ya yi kwanton ɓauna da babbar rundunarsa. Lahanin a bayyane yake: mahayi mai nauyin kaya yana buƙatar ƙasa mai tauri da fili, ga shi ya bar igwa da sojan ƙasa a baya, hanyar komawarsa kuma mashigi ɗaya ce mai taɓo. Doki ya lume a laka, kibau na sauka ta ko'ina. An kama Pozharsky da rai, Khan ya sa aka kashe shi. A kan adadin matattu akwai saɓani babba: takardun Mosko sun ƙirga ƙasa da 5,000, tarihan Kosakawa sun ce 30,000. Ni na fi karkata ga takardun, domin su an rubuta su ne don lissafin albashi da filaye.

Abin da ya fi burge ni shi ne janyewar Trubetskoy zuwa Putivl cikin tabor, wato ganuwar amalanke. Ana jera kekunan dawaki layi-layi, masu bindiga na tafiya a tsakiya, igwa a gaba da baya. Idan an kawo hari sai a tsaya, a ɗaure ƙafafun kekunan da sarƙa, a kafa tsinannun itatuwa a gaba, in da hali a haƙa rami. Mahayin Batatare ba ya iya fasa wannan. Raunin tabor shi ne ruwan sha, da harawar dabbobi, da kuma ƙetare kogi, domin a nan dole layin ya warware. Haka Kosakawa suka halaka a fadamar Berestechko a 1651, yunwa kuma ta sa Sheremetev, kwamandan Mosko, ya miƙa wuya a Chudniv a 1660. Trubetskoy dai ya ƙetare kogin Seim da rundunarsa a haɗe.

Ƙarshen labarin ne ke ci mini rai. Ivan Sirko, Bakosake ɗan'uwansu daga Zaporozhiya, ya kai hari matsugunan Tatarawa, dole Khan ya koma gida. Kanar-kanar na gabashin kogin Dinifa suka juya wa Vyhovsky baya, kafin kaka ta wuce ya ajiye sandar mulki. A Oktoba Trubetskoy ɗin nan da aka kora daga Konotop shi ya zauna a Pereyaslav yana shata wa sabon hetman, Yuri Khmelnytsky ɗan Bohdan, sharuɗɗa: ba hulɗa da ƙasashen waje, ba sauke hetman sai da yardar sarkin Mosko, sannan sojojin Mosko su zauna a Pereyaslav, Nizhyn, Chernihiv, Bratslav da Uman, ban da Kiyef da suke ciki tun da.

Gobe in Allah ya kai mu zan shiga taron Nizhyn na 1663, inda aka zaɓi Briukhovetsky hetman, daga bisani aka sare kan abokan takararsa Somko da Zolotarenko.