Dokin koyo ba a cikin duƙusai ake nemansa ba

Ƙannena masu sha'awar hawa, idan za ku nema wa yaro ko sabon mahayi doki, ku fara duba haƙori kafin ku duba kyan jiki. Ni kyan jiki na bi. Na sayo wa ɗana ingarma ɗan shekara 3, wai su tashi tare su saba. Ashe na haɗa jahilai biyu ne: yaron bai san linzami ba, dokin ma bai gama saninsa ba. Ranar da iska ta kaɗo wata leda ya zabura, sai ga yaro a ƙasa. Allah Ya tsare, ƙujewa kawai ya yi, amma ya daɗe bai yarda ya sake taka likkafa ba.

Doki ba ya gama fidda haƙoran girma sai wajen shekara 5, kuma yakan kai 25 zuwa 30 a duniya. Saboda haka mai shekara 12 ko 15 bai tsufa ba. Ya dai ga mota, ya ji haushin kare, hannuwa da yawa sun ja shi, ya daina mamakin duniya. Irinsa ake so. Ingarma kuwa ku bar wa gwanaye, don da ya sansano goɗiya ya manta da wanda ke bayansa. Fiɗiyayye ya fi kwanciyar hankali.

Inda na fi yin sakaci shi ne ranar ciniki. Na tarar an ɗaura sirdi, dokin ya jiƙe da gumi, ya yi laƙwas, na ɗauka hali ne. Gajiyar da shi aka yi kafin in iso. Yanzu nakan riga lokacin da aka sa mini, in ce a kwanto shi daga turke a kan idona. Ina kallon yadda yake karɓar linzami, da abin da yake yi idan an ja majayi. Ya kwantar da kunnuwa baya, ko ya juyo da baki zai kai cizo? To, magana ta ƙare. Ku ɗaga ƙafafunsa huɗu ɗaya bayan ɗaya, ku duba kofato. Mai shi ya fara hawa. Idan ya kama kawo uzuri, kun gane. Sannan ku hau da kanku, ku ga ko yana tsayawa da ja kaɗan, domin hannun yaro ba shi da ƙarfi. Sukuwa ba ta dame ni ba, tsayawar nake saye.

Ku komo wata rana ba tare da sanarwa ba, kuma ku zo da likitan dabbobi. Ciwon baya ko na baki kan sa lafiyayyen hali ya koma tutsu, akwai kuma masu ɗirka wa doki allurar sanyaya jiki kafin mai saye ya zo. In mai shi ya yarda, ku karɓi dokin gwaji na mako ɗaya ko biyu, yaron ya riƙa hawa da hular kwano, babba na riƙe da ragama.