Yadda Na Fara Barin Kyanwata Ta Fita Waje Bayan Mun Sauya Gida

Da hanci kyanwa take sanin gida. A kumatunta da haɓarta da goshinta akwai wuraren da ke fitar da wani ƙanshi wanda mu ba ma jinsa, kuma duk sanda ta goga fuska a ƙafar kujera ko kusurwar bango, shaida take ajiyewa cewa nan wurinta ne. Da muka tashi daga tsohon gida, duk wannan shaidar can aka baro ta. Sabon wurin kuwa ba komai sai warin fenti da na mutanen da suka zauna kafin mu. Shi ya sa likitan dabbobin da ke duba kyanwata ya ce in tsare ta a ciki mako 2 zuwa 4 kafin ta taka waje, kuma in ja lokacin sosai tunda tsohon gidan ba shi da nisa. Kyanwar da aka saki da wuri takan kama hanyar inda ta sani, a tsakani kuwa akwai titi, akwai karnuka.

Ɗaki guda na fara ware mata, da kwanon abinci, da ruwa, da kaskon yashin da take bayan gida, da tsohon bargonta wanda na ƙi wankewa da gangan. Nakan ɗauki tsumma mai laushi in shafa mata a kumatu, sannan in bi kusurwoyi da ƙofofi ina gogawa daidai tsayin kanta. Da ta sake, na buɗe mata sauran ɗakunan.

Kukan shi ne jarrabawar. Takan zauna bakin taga tana kallon tsuntsaye, ta juyo ta dube ni, ta yi wani dogon kuka mai karya zuciya. Dabbar da ta saba yawo, kulle yana yi mata ciwo, ni ma kuma ya yi mini. Abin da ya rage mana zafin shi ne wasa: igiya mai gashin tsuntsu ɗaure a ƙarshenta, kyanwar ta yi ta farauta har ta gaji. Ban dogara da lissafin kwanaki kaɗai ba, ita nake kallo. Sai da ta koma cinye abincinta tas, tana yawo da wutsiya a miƙe, tana barci shame-shame a tsakiyar ɗaki maimakon ƙarƙashin gado, sannan hankalina ya kwanta.

A wannan zaman jiran na gama sauran shiri. An sabunta mata allurar rigakafi, an ba ta maganin ƙuma da na tsutsar ciki. Da ma an yi mata aikin hana haihuwa, wanda nake ganin wajibi ne kafin fita, don kyanwa tana iya ɗaukar ciki tun tana wata 4. 'Yar na'urar shaida da aka sa mata ƙarƙashin fata, wadda ba ta wuce girman ƙwayar shinkafa ba, na sa an canza adireshin da ke rajistarta. Abin wuyanta irin mai ɓallewa da kansa ne in ya maƙale a reshe. Sannan kullum kafin in zuba abinci nakan ƙwanƙwasa kwanon da cokali in kira sunanta, har ya zama da jin ƙarar sai ta sheƙo.

Ranar fitar, da safe na yi, kafin ta ci komai, domin yunwa ce za ta dawo da ita. Ban ɗauke ta ba. Na buɗe ƙofa na fita na tsuguna a farfajiya. Ta daɗe a bakin ƙofa, ƙafa ɗaya a waje, hanci yana motsi, kunnuwa suna juyawa. Da ta fito, cikinta kusan yana shafar ƙasa, ta bi gindin bango tana shinshina kowane dutse. Wata mota ta wuce, sai ta koma ciki a guje, ƙofar kuwa a buɗe na bar ta saboda haka. Can ta sake fitowa, ta goga kumatunta a jikin dokin ƙofar ta waje. Ban bari ta jima ba, na ƙwanƙwasa kwano, ta shigo ta ci.

Daga nan na riƙa ƙara mata lokaci kaɗan-kaɗan, ina tare da ita, har na fara barinta ita kaɗai. Wasu suna cewa a shafa wa kyanwa man shanu a tafin ƙafa wai ba za ta ɓata ba. Ban ga abin da hakan zai ƙara mata ba in ban da damuwa. Abin da na yi shi ne na roƙi waɗanda suka shiga tsohon gidanmu, in sun gan ta kada su ba ta abinci, su kira ni kawai. Akwai kuma wani muzuru da ya riga ta mallakar katangar baya, sun yi ta harare-harare kafin kowa ya san iyakarsa, don haka nakan duba jikinta ko akwai cizo, saboda cizon kyanwa yana saurin yin ƙurji. Da dare kuwa har yanzu ba ta kwana a waje. Kafin rana ta faɗi nake kiranta, abincin yamma a ciki take cinsa, in rufe ƙofa sai gari ya waye.