Asabar a shagon Alhaji, Agege

Yau ba lakca amma ƙarfe bakwai na bar Akoka inda makarantarmu take, saboda aikin sa-kan nan da 'yan sashenmu na akanta suka ƙirƙiro, wato mu riƙa zuwa wajen masu ƙananan sana'o'i muna duba musu lissafi kyauta. Mu uku aka haɗa, ni da wata 'yar ajinmu Bayarabiya da wani ɗan ajin ƙarshe da ke jan ragama, kuma kowa ya san don tafinta aka saka ni tunda shagon da aka ba mu na Bahaushe ne a Agege. Danfo zuwa Oshodi, wata kuma zuwa Agege, gosulo dai kamar kullum.

Ashe tafintan ma ba a buƙata. Alhaji mutumin Katsina ne amma tun yana saurayi yake Legas, muna gaisawa ya juya wajen yarinyar nan ya dinga zuba mata Yarabanci har da karin magana, tana ta dariya tana rusunawa. Kayan masarufi yake sayarwa, shinkafa, taliya, sukari, madara, man gyaɗa, magi. Kukansa ɗaya ne, yace yara ciniki nake yi daga safe har isha'i amma kaya sai raguwa suke, ban san inda kuɗin ke shiga ba. Ya miƙa hannu ya sauko da kwali ɗaya daga saman kanta ya girgiza mana, ba komai a ciki, ashe duk layin saman nan kwalayen banza ne ya jera don kar shago ya nuna rama.

Sai da ya ɗauko littafin bashi sannan amfanina ya fito, don sunayen duk da ajami ya rubuta su, lambobin ne kawai na boko, Allah ya saka wa malaminmu na makarantar allo da alheri. Ni ina karantowa ita tana shigarwa a waya. Bashin ma bai kai yadda muka zata ba, masu shayi da masu abinci ne yawanci kuma suna biya duk mako, sai wasu 'yan uwa biyu uku da shi kansa yace mu tsallake su.

Matsala ta farko akawun. Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023 kwastomominsa suka saba da tiransifa, kuma duk cikin akawun ɗinsa guda kuɗin ke faɗawa, a nan ake cire cefane, kuɗin makarantar yara, abin da ake turawa gida Katsina, har gudummawar biki. Wannan bai yi gardama ba, mun tsaya a kan za a ware akawun na shago daban ya yanka wa kansa wani abu duk mako kamar albashi. Ogan namu ya kawo zancen yin rajistar sunan kasuwanci a CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni, Alhaji yana jin kalmar rajista yace haraji kenan, muka bar maganar sai wani zuwan.

Ta biyun ce ta cinye mana yini. Alhaji in ya saro kaya, a kan farashin da ya saya yake ɗora riba har kayan su ƙare, ko da kuwa a kasuwar Daleko ko ta Oke-Arin farashi ya riga ya tashi. Na zana masa a bayan kwali, nace Baba a ce ka sayi kwali a dubu 10 ka sayar dubu 11, ka koma kasuwa ka tarar ya zama dubu 12, kai a ranka ka ci ribar dubu ɗaya amma kwali goman da ka sayar kuɗinsu tara kawai za su sayo da ɗan canji. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na kaya suka yi ta hawa, haka jarin ya dinga zaizayewa a hannunsa ba tare da wani ya sace masa sisi ba. Ya yi shiru yana kallon lissafin, sannan yace na gane ɗana, amma kayan da na saya da araha in ɗora wa maƙwabcina sabon farashi, me zan ce wa Allah?

Wallahi ba mu da amsar wannan a littattafanmu, kuma ni ba malami ba ne da zan ba shi fatawa, nace ya tambayi limaminsu. Ogan namu ya so ya matsa masa, ni kuwa gani nake mutumin da ya yi shekaru yana ba matan unguwa shinkafa dirika ɗaya, wato gwangwanin awo, bashi ba za ka zo rana ɗaya da kalkuleta ka canja masa hali ba, kuma ba duk halin ne ya kamata a canja ba ma. A ƙarshe shi da kansa ya fito da mafita, masu sayen kwali da buhu don su ma su sayar za su biya farashin ranar, zai riƙa buga wa dilansa waya ya ji kafin ya yanke, masu dirika da ƙulli kuwa zai bar su a tsohon har kayan su ƙare. Ba haka muka so ba amma a lissafinmu yawancin jarin a kwali da buhun yake, don haka mun karɓa.

Bayan la'asar ya aika aka sayo mana waina da miya, ya hana mu biya. Na dawo hostel wajen tara a gajiye, ga hotunan shafukan ajami cike da wayata da zan mayar Turanci don rahoton da za mu miƙa, ga tes ranar Litinin ban buɗe komai ba.