Zazzau, Abuja, Suleja: yadda ake karanta tsofaffin takardun gari mai suna uku

Duk takardar da aka rubuta kafin 1976 aka ga "Abuja" a kanta, to ba babban birnin tarayya take nufi ba. Garin da yanzu ake kira Suleja ne, a Jihar Neja. Wannan ɗan abu ya sha rikita masu neman tarihin dangi, da ɗalibai masu rubutun kammala digiri, har da masu cinikin tsofaffin tukwane.

Tushen garin yana Zariya. Da jihadi ya iso ƙasar Zazzau bayan 1804, Sarki Muhammadu Makau ya fita da jama'arsa ya yi kudu, ya sauka Zuba, cikin ƙasar Koro da Gwari. Bai gina gari ba, yaƙi ya yi ta yi har aka kashe shi wajen Lapai a 1825. Ɗan'uwansa Abubakar ne ya gaje shi, wanda ake yi wa laƙabi da Abu Ja saboda hasken fatarsa. Shi ya kafa sabon gari a 1828, a bakin kogin Iku, aka soma ginin ganuwa a shekarar da ta biyo. Mutane suka riƙa cewa garin Abu Ja, har baki ya haɗe kalmomin biyu suka zama Abuja.

Abin lura a nan shi ne, gari ya samu sabon suna amma sarauta ba ta sake nata ba. Makau da magadansa ba su taɓa yarda cewa sun daina zama sarakunan Zazzau ba, kujera ce kawai ta ƙaura. Shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Zazzau Suleja. Saboda haka in ka ci karo da "Sarkin Zazzau" a wasiƙa ko waƙa ta ƙarni na 19, kada ka yi saurin kai shi Zariya. Duba sunan sarkin tukuna. Abu Ja ya yi mulki daga 1825 zuwa 1851, Abu Kwaka zuwa 1877, Ibrahim zuwa 1902, shekarar da Turawa suka ci garin. Sai Muhammadu Gani zuwa 1917, Musa Angulu zuwa 1944, sannan Sulaimanu Barau har 1979. In sunan yana cikin waɗannan, maganar Abuja ake yi.

Canji na biyu daga Legas ya taso. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta kafa kwamiti ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda don ya duba batun sabon babban birni. Ranar 3 ga Fabrairu 1976 aka sanar da yankin, aka kafa shi da Doka ta 6, fili mai faɗin kusan murabba'in kilomita 8,000, wanda babban kasonsa daga ƙasar masarautar Abuja aka yanko shi. Aka ɗauki ƙasa, aka kuma ɗauki suna. Garin kansa aka bar shi a wajen iyaka, cikin sabuwar Jihar Neja. Sai aka raɗa masa Suleja, daga Sule, wato Sarki Sulaimanu Barau, aka maƙala masa "ja" ɗin nan na kakansa na sarauta. A ganina dabara ce mai kyau, domin kunne na jin Suleja zai tuno Abuja. Ba a bar Legas ba sai 12 ga Disamba 1991, kuma a farkon aikin ginin, ma'aikatan hukumar raya birnin a Suleja suka yada zango. Unguwar da ake kira Field Base daga nan ta samo sunanta.

To, ga inda ake yin tuntuɓe. Mutum ya samu takardar haihuwar mahaifinsa ta 1958 an rubuta Abuja, sai ya nufi ofisoshin birnin tarayya neman bayani, alhali a 1958 babu birnin, ƙauyukan Gwari ne da gonaki a wurin. Abin da ya kamata shi ne ka fara da shekarar takardar, sannan ka nemi hukumar da garin yake ƙarƙashinta a lokacin. Farkon zamanin Turawa yana cikin Lardin Nasarawa, daga baya aka mai da shi Lardin Neja. Daga 1967 ya shiga Jihar Arewa maso Yamma mai hedikwata a Sakkwato, daga 1976 kuma sai Minna. A gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, fayilolin zamanin Turawa da sunan lardi aka jera su, kuma in ka nemi "Suleja" a cikinsu ba za ka ga komai ba. Abuja za ka nema.

Akwai kuma tarko na biyu. "Abuja" a tsohuwar takarda tana iya nufin cikin gari, tana iya nufin masarautar baki ɗaya. Wanda aka rubuta masa Abuja mai yiwuwa a Zuba ko Kwali aka haife shi, kuma waɗannan yau suna cikin yankin babban birnin tarayya. Sai an samu sunan hakimi ko dagacin da ya sa hannu ake iya rarrabewa.

Tukwane ma haka. Cibiyar koyar da ginin tukwane da Bature Michael Cardew ya buɗe a farkon shekarun 1950 a tsohuwar Abuja take, kuma a nan Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, ta shiga aiki a 1954. Juya tukunyar cibiyar ka duba gindinta: akwai ɗan hatimi da aka danna tun yumɓu na ɗanye, an rubuta Abuja da haruffan Larabci, a gefensa kuma alamar magini, kamar LK na Ladi. Wanda bai sani ba sai ya rubuta cewa a babban birnin Najeriya aka gina ta. Cibiyar tana Suleja, kuma yanzu sunan Ladi Kwali take ɗauke da shi.